Godiya ga duk wanda ya sa mana hannu a wannan fim

Alhamdulillah mun dawo lafiya, kuma tun kafin gajiya ta sake ni na ce bari in rubuta wannan don wallahi bashin godiya ya yi min yawa. Ɗan fim ɗin barkwancin nan da muka haɗa da kuɗin aljihunmu, ba kamfani ba mai ɗaukar nauyi, ya zaga bukukuwan fina-finai har ya dawo mana da kyautar zaɓin 'yan kallo, wadda ba alƙalai ke bayarwa ba, mutanen da suka zauna suka kalla su ke jefa ƙuri'a bayan an kunna fitila.

Da wadda ta yi mana sabtaitul, wato rubutun fassarar da ke fitowa a ƙasan allo, zan fara. Yaya, Allah ya saka miki da alheri. Mutane na ɗauka fassara ce kawai, to ba haka ba ne, layi biyu kacal gare ki a allo, kowanne bai wuce harafi 42 ba, kuma dole kalmar da ke ɗauke da dariyar ta zo a ƙarshe daidai lokacin da jarumi ya furta ta, in rubutun ya riga bakinsa fitowa to an kashe wasan, mutane sun karanta sun gama dariya shi bai ma fara magana ba. Akwai sin ɗin da jarumin ya ɓuya ƙarƙashin gado saboda mai binsa bashi, mutumin na zaune a kan gadon ya kira lambarsa waya ta hau ƙara daga ƙasa, layin da ya biyo baya sai da kika sake shi ya fi sau goma. Ranar da aka haska shi ina can kujerar baya hannuna na rawa, zauren cike da mutanen da ba sa jin ko kalma ɗaya ta yarenmu, ana zuwa wurin sai gaba ɗaya aka fashe, wata dattijuwa a gabana har ta cire tabarau tana share hawaye. Ni ma kukan na yi.

Edita, ɗan uwa, kai ka koya min cewa a daƙiƙa ɗaya hoto 24 ne ke wucewa, kuma cire shida daga ciki na iya tayar da barkwancin da ya kwanta. Na gode da dararen da ka hana idonka barci, da haɗa DCP, wato kwafin fim na dijital da sinimomin biki ke buƙata. Mai sauti, mai kyamara, masu fitila, jarumanmu da suka yarda a biya su daga baya, ban manta da kowa ba.

Sai ku masoya da kuka yi ta tambayar yaushe za mu sa shi a YouTube. Manyan bukukuwa da yawa ba sa karɓar fim ɗin da ya riga ya fita a intanet, so suke a fara ganinsa a wajensu, shi ya sa muka riƙe shi, kuna ta haƙuri mu kuma muna ta turawa ta FilmFreeway, shafin intanet da ake bi a tura wa bukukuwa fim, amsar "a yi haƙuri" na shigowa ɗaya bayan ɗaya kafin ƙofa ta buɗe. Ni dai har gobe ina ganin ana raina barkwanci a irin waɗannan wurare, alhali sa baƙo dariya ya fi sa shi kuka wuya.

Burinmu yanzu mu ga aikinmu na gaba a FESPACO, bikin fina-finan Afirka da ake yi a Wagadugu ta Burkina Faso tun 1969, a taya mu da addu'a. Wannan fim ɗin kuma da zarar sauran bukukuwan da suka gayyace mu sun wuce zan sanar da ranar fitowarsa a nan in sha Allah.