Godiya Daga Mayo Bayan Guguwar Éowyn

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki, na nan Ireland da na gida.

Alhamdu lillahi, wuta ta dawo, ruwa ya dawo famfo, yara sun koma makaranta. Ni da maigida da yara lafiyarmu ƙalau, ko ƙwarzane babu wanda ya samu. Saƙonnin jaje da suka taru a wayata sun fi ƙarfin in bi su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta a nan kowa ya ɗauki nasa. Ba zan kama sunan kowa ba, don na san akwai waɗanda ba sa son a ambace su, amma kowa zai gane kansa.

Mutanen gida suna ta tambaya wai wace irin iska ce haka. Guguwa ce da aka raɗa wa suna Éowyn, ta taso daga Tekun Atlantika ta afka wa ƙasar nan da asubahin Juma'a 24 ga Janairu, 2025, a tsakiyar sanyi. A wani wuri da ake kira Mace Head a gundumar Galway, wadda ke maƙwabtaka da tamu gundumar Mayo, an auna bugun iskar ya kai kilomita 184 a cikin awa guda. Tunda aka fara aunawa a Ireland ba a taɓa samun haka ba. Mafi ƙarfi kafin wannan shi ne na 1945. Gidaje da gonaki da wuraren sana'a 768,000 ne suka rasa wuta, ban da na Ireland ta Arewa. Mu nan yamma muka fi jin jiki. Wani makeken filin wasa mai rufin tanti da ke Bekan, ba nisa da mu, wanda mutanen yankin ke taƙama da shi, gari ya waye an tarar da shi a yage, a shimfiɗe a ƙasa. A Donegal kuma bishiya ta faɗa kan motar wani saurayi ya rasu. Allah ya ba iyayensa haƙuri.

Godiyata ta farko, bayan Allah, ga masu hasashen yanayi na Met Éireann take. Na ji wasu daga cikinmu suna cewa ba a yi bayani ba. Gaskiya a faɗe ta, an yi. Tun ranar Laraba aka fitar da jan gargaɗi, aka kuma shimfiɗa shi a kan ƙasar baki ɗaya, abin da ba kasafai ake yi ba. Aka ba kowace gunduma lokacinta. Namu na Mayo daga wajen ƙarfe 4 na asuba ne zuwa tsakar rana. Aka ce akwai haɗari ga rayuka, kada kowa ya fita, bishiyoyi za su faɗi, wuta za ta ɗauke a wurare da yawa. Aka rufe makarantu, aka tsayar da bas da jirgin ƙasa. Kuma kamar yadda suka faɗa haka ta zo, kusan a kan lokaci. Da a ce safiyar nan mutane suna kan hanyar aiki, yara suna jiran motar makaranta a bakin titi, da labarin da nake ba ku yanzu ba wannan ba ne.

Inda gizo ke saƙar daban ne. Gargaɗin iska a nan hawa uku ne. Akwai mai launin ruwan ɗorawa, idan ana sa ran bugun iska tsakanin kilomita 90 da 110. Akwai mai ruwan lemo, 110 zuwa 130. Sai ja, abin da ya haura 130. To mu mazauna yamma, na ruwan ɗorawa ya zame mana ruwan dare. Duk sanyi sai a yi ta fitar da shi har mutum ya daina ɗaga kai. Ga shi a farkon Disamba an yi guguwar Darragh, ita ma an ba mu ja, ta yi ɓarna sosai a wasu wurare amma unguwarmu ta zo da sauƙi. Saboda haka da aka sake cewa ja, wasu suka ɗauka irin waccan ce. Alhali ja ba shi da rufi: 135 ja ne, 184 ma ja ne, kuma tsakaninsu akwai rufin gidaje da yawa.

Sannan ga maganar ɗauke wuta. Ka ce wa wanda ya tashi a Funtuwa ko Gusau za a ɗauke wuta, me ka gaya masa? Sai ya yi dariya ya ce mu da muka yi karatun jarrabawa da aci-balbal. Abin da ba a rubuta a cikin gargaɗi ba shi ne abin da wutar ke tafiya da shi idan ta tafi. Injin ɗumama gidanmu da kananzir yake aiki, tankin cike yake, amma ba ya tashi sai da lantarki. Murhun girki na lantarki ne. Ruwan famfo, injin da ke turo shi lantarki yake sha. Turakun sadarwa batirinsu ya yi 'yan awoyi ya mutu, sabis ya ɗauke ɗif. Gidan mai ba ya iya ba da mai, kanti ba ya karɓar kati. Gidan da aka gina kacokan a kan wuta, idan ta tafi a watan Janairu, bango da rufi kawai ya rage maka.

Wadda ta buɗe mana ido a kan wannan ita ce maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar asalin garin da yarana ke kira Kaka. Ranar Alhamis da yamma ta ƙwanƙwasa mana ƙofa, da sandarta da rigar ruwanta. Ba ta tsaya dogon bayani ba. Ta ce in cika bahon wanka da ruwa har baki, da duk wata tukunya da bokiti. Ta ce maigida ya je ya cika mota da mai ya ciro tsabar kuɗi tun kafin dare. Ta leƙa bayan gida ta nuna kwandunan shara da kekunan yara da abin tsallensu, ta ce duk a shigar ko a ɗaure, kuma a janye motar daga gindin bishiyar da muke ajiye ta. Sannan ta miƙo mini wata tsohuwar rediyo mai batir. Na ce mata ai muna da waya. Ta dube ni ta ce in dai riƙe.

Bishiyar nan ta faɗi. Daidai inda motar ke kwana ta kwanta, saiwoyinta a sama.

Daren kansa ba zan iya kwatanta muku shi ba. Ƙarar ba irin ta iskar da muka sani ba ce mai zuwa ta wuce. Gunji ne da ba ya yankewa, ga fale-falen rufi suna tashi kana jin fashewarsu a tsakar gida. Muka tattaro yara muka dawo falo nesa da taga, muna ta karanta abin da ya sawwaƙa. Malam, Allah ya saka maka da alheri da muryar da ka tura a zaurenmu na WhatsApp tun daren, ka tuna wa maza cewa shari'a ta yi rangwamen yin salla a gida idan yanayi ya tsananta. Maigida mutum ne da ba ya wasa da Juma'a a masallacin Ballyhaunis, wanda ke nan tun shekarun 1980, kuma na san halinsa: ba don maganarka ba da sai ya gwada fita. Azahar muka yi a gida.

Kwanakin da suka biyo baya, a kicin ɗin Kaka muka yi su. Tana da wani tsohon murhun ƙarfe irin na da, wanda ake hura shi da itace da wata baƙar ƙasar fadama da suke yankawa kamar bulo su shanya ta bushe. Shi ke girki, shi ke ɗumama ɗaki, shi ke tafasa ruwa, ba ruwansa da lantarki. Ta san ba ma cin naman alade, sai ta ware mana tukunya guda, ta wanke ta da ruwan zafi a gabana ba tare da na roƙa ba. Da firizarmu ta fara narkewa, naman rago da kajin da muka tara don azumi suka kama hanyar lalacewa, sai na kwashe su gaba ɗaya na kai can. Na yi farfesu da miyar kuka da tuwon semo, aka yi ta rarrabawa gida-gida a layinmu. Wani dattijo ya sha farfesun nan hawaye na zuba saboda yaji, yana sharewa yana miƙo kwano a ƙara masa. Kaka, ba ki jin Hausa, amma 'yata ta yi alkawarin karanta miki wannan. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Ita ce kuma ta hana wata 'yar'uwarmu shigar da kaskon gawayi ɗaki. Wannan ina roƙon kowa ya riƙe shi da kyau. Gidajen nan a toshe suke ruf, ba kamar namu na gida da iska ke shiga ta ko'ina ba. Iskar gubar da gawayi ko janareta ke fitarwa a rufaffen ɗaki ba ta wari, barci kawai zai ɗauki mutum, shi ke nan.

Ina godiya ga manomin da ke bayanmu da 'ya'yansa biyu. Iska na lafawa suka fito da tarakta da injin yankan itace suka buɗe hanyar da ta haɗa mu da babban titi, sannan suka riƙa zagayawa da tankin ruwa, alhali su ma shanunsu na kukan ƙishirwa. Ko sisi ba su karɓa ba. Haka masu aikin sa kai a zauren taron garinmu, inda aka kafa janareta aka buɗe wa kowa: ga ruwan zafi, ga wurin wanka, ga shayi, ga wayoyi jere a kan tebur ana caji. A can na fara samun sabis na kira Hajiyarmu.

Hajiya, ki yafe mana tashin hankalin da muka jefa ki. Ashe hotunan ɓarnar sun riga mu isa gida ta Facebook, ga wayoyinmu duk a kashe. An gaya mini ba ki runtsa ba, kin sa an yi sauka, kin yi sadakar waina a ƙofar gida. Yaya Babba, na ga kiranka da saƙonninka rututu. Allah ya bar zumunci.

Ma'aikatan wuta kuwa, sai dai addu'a. Gidajen karkarar nan a warwatse suke, wayoyin duk a sama suke bisa turakun katako, ga dazuzzukan bishiyoyin katako da aka shuka sun zube a kansu. Don a mayar wa gida biyu ko uku wuta sai an yini ana sara ana kafa sababbin turaku, cikin ruwa da laka. Ga wata guguwar, Herminia, ta biyo baya ranar Lahadi ta ƙara dagula aikin. An kawo ƙarin ma'aikata daga Birtaniya da Faransa da Jamus da Austriya da Finland, Tarayyar Turai ta aiko da manyan janaretoci. Waɗanda suka gyara layinmu baƙi ne, Turancinsu ma kaɗan-kaɗan ne. Na kai musu fulas ɗin shayi mai citta da kanumfari suka shanye tas. Mun haura mako a cikin duhu, amma akwai waɗanda suka haura mako biyu, cikinsu har da tsofaffi masu amfani da na'urar numfashi a gida. Ni da ke aikin kula da tsofaffi na san abin da wannan ke nufi, kuma ina jinjina wa abokan aikina da suka kwana a wurin aiki tun daren Alhamis don kada safiya ta yi babu kowa a kan mutanen nan.

Akwai abu ɗaya da nake fata a duba. Ƙanwata da ke Glasgow ta ce da yammacin Alhamis wayarta ta ɗauki wata irin ƙara mai firgitarwa, saƙon gaggawa ne daga hukuma. An tura wa mutum kusan miliyan 4.5 a Scotland da Ireland ta Arewa. Mu nan wayoyinmu shiru. Wanda ke sauraron rediyo ko kallon labarai ya ji, amma akwai 'yan'uwanmu masu aikin dare a masana'antar nama, da sababbin zuwa da Turanci bai zauna musu ba, waɗanda a bakin mutane suka tsinci labarin, wasu ma a makare. Kafin a kai ga wannan, mun yi magana da shugabannin zaurenmu an amince: duk ranar da aka fitar da gargaɗin ruwan lemo ko ja, mutum ɗaya zai yi murya da Hausa, ya faɗi gunduma, ya faɗi ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, ya kuma lissafa abin da za a tanada, wato ruwa, gas, tsabar kuɗi, tocila, batir da magungunan masu jinya. Na karɓi na Mayo da Roscommon. Muna neman wanda zai riƙe Galway.

'Yan'uwa na Dublin da Athlone da kuka ciko mota da ruwan roba da burodi da barguna da ƙananan tukwanen gas kuka biyo hanyar da ba ta gama buɗewa ba, Allah ya biya ku da gidan Aljanna. Anti da ta karɓi yarana kwana da kwanaki ta haɗa da nata, ba ni da bakin gode miki. Ɗan'uwan da ya zauna da mu ya taya mu cike takardar neman tallafin gaggawa na gwamnati, ya ce duk wanda bai cike tasa ba ya neme shi, kuma a adana rasiɗai.

In Allah ya kai mu Asabar mai zuwa bayan la'asar za mu yi 'yar walima da addu'a a gidanmu, kowa da kowa muna gayyata, har da maƙwabtanmu. Masu tukwanen gas da rishon da muka ara, za a mayar muku a ranar. Akwai kuma wata babbar kula shuɗiya da barguna biyu da har yanzu ban san masu su ba. Don Allah mai su ya yi mini magana.

Wassalamu alaikum.