Gwada sabon tsarin kwamfuta ba tare da an goge na da ba

Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, aikin da ya fi zuwa mana shi ne na masu kwamfutocin da ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Yawancinsu suna tambaya ko su koma Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta daban da Windows. Ba ma goge wa kowa kwamfuta a kan tambaya. Muna gina masa kwamfutar kwaikwayo a cikin tasa, wato manhajar da ke yanko wani ɓangare na ƙarfin na'urar ta ba sabon tsari ya zauna a ciki, ya yi aiki a taga guda kamar kowace manhaja. Mai kaya ya yi mako yana aikinsa na yau da kullum a ciki, sannan ya yanke shawara.

Manhajar da muka fi amfani da ita ita ce VirtualBox ta kamfanin Oracle, domin kyauta ce kuma tana aiki a kan Windows da Linux. Sai dai ƙarin nan da ake kira Extension Pack lasisinsa daban ne: kyauta ne ga amfanin kai, amma ofis ko kamfani sai ya biya. Wannan abu ne da ya kamata duk mai sana'a ya faɗa wa abokin cinikinsa tun farko.

Kafin komai muna duba RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke amfani da ita yayin aiki. Ubuntu 24.04, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, yana son gigabait 4 na RAM da gigabait 25 na wurin ajiya. Idan kwamfutar gigabait 8 gare ta, a ba baƙon, wato sabon tsarin, 4 a bar wa mai gida, wato tsarin asali, 4. Kada a wuce rabi, domin idan tsarin asali ya rasa wurin numfashi, su biyun za su yi nauyi tare. Mai gigabait 4 kacal, gaskiya gwajin ba zai nuna masa komai ba sai jan ƙafa. Haka ma firosesa: idan tana da sassa huɗu, biyu sun isa.

Sai a shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, a kunna damar gudanar da kwamfutar kwaikwayo: VT-x idan firosesar Intel ce, ko AMD-V idan ta AMD ce, wanda wasu kwamfutoci ke rubutawa da SVM Mode. Da yawa suna zuwa da shi a kashe, kuma shi ne dalilin da ya sa kwamfutar kwaikwayo ke ƙin tashi gaba ɗaya. Fayil ɗin ISO kuwa, wanda da shi ake girka sabon tsarin, daga shafin masu tsarin kaɗai muke sauke shi, mu kuma gwada lambar SHA256 ɗinsa, mai nuna ko fayil ya sauka daidai, da wadda suka wallafa, saboda fayil ɗin da ya yanke a hanya yakan tsaya a tsakiyar girkawa ba tare da ya faɗi dalili ba.

Matsalar da ta fi cin lokaci ita ce ta kunkuru. Idan ka ga ɗan koren kunkuru a ƙasan tagar VirtualBox, ma'anarsa Hyper-V, manhajar kwamfutar kwaikwayo ta Windows kansa, ya riga ya kama kayan aikin firosesa, VirtualBox yana bi ta bayansa ne. Komai zai yi aiki, amma a hankali ƙwarai, har mutum ya ɗora wa Linux laifin da ba nasa ba. Maganinsa a kashe Hyper-V da Memory Integrity a sake kunna kwamfutar. Na biyun kariya ce ta gaske, don haka muna bayyana wa mai kaya abin da zai rasa, mu mayar da ita idan gwaji ya ƙare.

Bayan girkawa a saka Guest Additions, shi ke daidaita girman allo ya kuma ba da damar raba babban fayil tsakanin tsarin biyu. Daga nan a ɗauki Snapshot, wanda ke adana halin da tsarin yake ciki don a iya komawa idan an ɓata wani abu. Amma Snapshot ba madadin ajiya ba ne. Yana zaune a faifai ɗaya da komai, idan faifan ya mutu sun tafi tare, kuma tara su da yawa yana cinye wuri.

Akwai iyakar da dole a fahimta. Kwamfutar kwaikwayo tana amsa tambayar manhaja: ko LibreOffice, manhajar ofis da ake amfani da ita a Linux, zai buɗe takardun Word da Excel ɗinka yadda suke, ko manhajar lissafin kuɗinka tana da irinta a can. Ba ta amsa tambayar kayan ƙarfe, domin katin intanet da katin hoton da baƙon ke gani na kwaikwayo ne. Wi-Fi zai yi aiki a ciki ko da Linux bai san ainihin katin kwamfutarka ba. Shi ya sa mataki na ƙarshe a wajenmu shi ne a rubuta ISO ɗin a kan filashi, a tayar da kwamfutar daga gare shi ba tare da an girka ba, a gwada Wi-Fi da sauti da kyamara da firinta ɗaya bayan ɗaya. Sai duk sun amsa muke kwashe fayilolin mai kaya zuwa wani faifai mu fara girkawa ta gaske.