Godiya Bayan Wata Huɗu Ina Zarya Sashen Haƙori

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, jiya Laraba likita ta sake duba dasashina, ta tabbatar da cewa kumburin ya saɓe, jinin ya tsaya, kuma haƙoran gaba guda biyu da muke fargabar za a cire sun tsira, in ban da turmi ɗaya na can ciki da aka riga aka cire tun a watan farko. Waɗanda suka bi wannan jinya tun daren da kuncina ya kumbura har na kasa buɗe baki sun san abin da aka sha, don haka ba zan maimaita ba. Na gaji matuƙa, amma gajiya ce irin ta wanda aka sauke wa kaya.

Abu ɗaya ne ya ƙi barin zuciyata, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan saƙo. Kafin wannan jinya, shekara 16 rabona da zama a gaban likitan haƙori. Na daɗe ina ganin jini a jikin asuwaki ina cewa na matsa da ƙarfi ne, na daɗe ina magana da hannu a baki saboda na san abin da mutane ke ji idan na matso kusa da su. Ranar da aka kwantar da ni a kujerar nan aka haska fitila, kunya ta fi ciwon damuna. Ma'aikaciyar da aka haɗa ni da ita domin wankin haƙori ba ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba. Ta lura na ƙi buɗe bakin sosai, sai ta ce a hankali, "Baba, ka saki jikinka, aikinmu ke nan, kuma ka kyauta da ka zo." Ba ta yamutsa fuska ba, ba ta kuma tambaye ni inda nake duk shekarun nan ba.

Ana tsakar aikin, na'urar tana tsuwa tana fesa ruwa, sai na ji wani abu mai tauri ya ɓalle daga bayan haƙorana na ƙasa ya faɗo a kan harshe. Gabana ya faɗi, domin na sakankance haƙorin ne ya karye, kuma dama an sha gaya mini cewa wankin haƙori girgiza haƙora yake yi. Na ɗaga hannu jikina yana rawa. Nan take ta kashe na'urar, ta sa hantsaki ta ɗauko abin, ta ɗora a kan auduga ta nuna mini: ruwan ƙasa ne mai duhu, ya kai rabin ƙwayar masara. Ta ce wannan ba haƙori ba ne, dauɗa ce da ta daɗe tana taruwa har sinadaran da ke cikin yawu suka daskarar da ita ta koma kamar dutse, kuma ta fi taruwa a wannan wurin saboda nan ne yawu ke fitowa daga ƙarƙashin harshe. Da zarar ta daskare, babu buroshi ko asuwakin da zai iya ɓamɓare ta. Sannan ta miƙo mini madubi, ta jira har na ƙirga haƙorana da kaina, alhali akwai mutane a waje suna jiran layi.

Giɓin da na gani a madubin ya sa ni hawaye. Likita ta bayyana mini daga baya cewa ba wankin ne ya buɗe shi ba. Dasashi ne ya ja baya, ƙashin da ke riƙe haƙori ya zaizaye, dutsen ya cike gurbin ya ɓoye ɓarnar. Ramin da ke tsakanin haƙori da dasashi ga mai lafiya ba ya wuce milimita 3, nawa kuwa an auna 6 da 7 a wasu wurare. Ta faɗa mini gaskiya cewa ƙashin da ya tafi ba ya dawowa, iyaka a tsare abin da ya rage. Ita ce kuma ta tura ni gwajin suga, domin ciwon suga da ciwon dasashi suna rura wutar juna, aka kuwa samu nawa ya hau ban sani ba. Allah Ya saka mata da alheri, Ya albarkaci hannun waccan yarinya, Ya jiƙan iyayen da suka yi mata tarbiyya, Ya haɗa ta da masu tausaya mata ranar da take bukata.

Na san ba a son ambaton mai alheri a bainar jama'a, amma Baffana na Fagge zai yi haƙuri, domin shi ya biya kuɗin zama biyu na ƙarshe tun kafin in buɗe baki in roƙa. Maiɗakina ta yi makonni tana dama mini kunu tana fifita shi har ya huce, saboda haƙoran ba sa jure zafi ko sanyi bayan kowane wanki, kuma ita ke ajiye mini ruwan ɗumi da gishiri na kurkurar baki safe da dare. Malaman da suka riƙe mini azuzuwana, da maƙwabcina mai adaidaita sahu da ya riƙa kai ni tun bayan asuba domin in samu layin farko, Allah Ya biya muku bukatunku na duniya da lahira, Ya raba ku da kwanan zaune saboda ciwo.

Akwai 'yan uwa na jini da labari ya kai musu suka ce ai ciwon haƙori ne kawai, ko kiran waya ban samu daga gare su ba a wata huɗun nan. Abin ya sosa mini rai, amma na yafe, Allah Ya bar zumunci.

An ba ni wata uku in koma a sake aunawa, kuma akwai haƙori ɗaya da har yanzu yake ɗan motsi. Ina roƙon ku ci gaba da sa ni a addu'a Allah Ya tsayar da shi.