Barewa a idon kyamara

Asabar, ƙarshen Oktoba, jihar Wisconsin ta Amurka

Yau dai na cika alkawari, na raka dattijon da muke aiki tare zuwa gonarsa duba kyamarorin da ya ɗaɗɗaure a jikin bishiyoyi. Sai da rana ta take muka shiga, wai a lokacin barewa na kwance. Ya ba ni takalmin roba, ya ce kar in kuskura in taɓa ganye da hannu, domin hancin dabbar nan ya fi idonta aiki.

Kyamarar ba ta wuce tafin hannu ba, launinta na ɓawon itace, an ɗaure ta daidai ƙugun mutum. Ɗumin jiki take ji, da zarar mai rai ya gifta sai ta ɗauka. Da dare tana haska wani haske da idon mutum ba ya gani, shi ya sa hotunan dare ke fitowa fari da baƙi. Duk ya fuskantar da su arewa, ya kuma share ciyawar gabansu, in ba haka ba rana da iska su cika masa katin ajiyar kyamarar da hotunan banza.

Ta ukun ce ta fi ɗauke mini hankali. Ƙarƙashin wani reshe da ya sunkuyo, an kankare ƙasa tas, ga sawun kofato a tsakiya. Aikin namijin barewa ne. Yakan tone wurin ya yi fitsari, ya goga goshinsa a reshen, duk wanda ya biyo sai ya tsaya ya shinshina ya bar nasa. Yanzu da barbarar Nuwamba ta matso, nan ne dandalinsu.

A mota muka zura katunan a kwamfuta. Kurege, kurege, talotalon daji, wata barewa da 'ya'yanta biyu. Can sai ga gogan, wuya ya yi kauri, ƙaho ya yi rassa, idanu na ƙyalli. Na yi kabbara, dattijo kuwa ko gezau. Ya nuna mini ƙasan hoton: ƙarfe 2:40 na dare. Doka a nan ta yarda da harbi ne daga minti 30 kafin fitowar rana zuwa minti 20 bayan faɗuwarta. Ya ce, "Yaro, wannan bai tsufa a banza ba." Abin da yake jira shi ne ranar da zai fara fitowa da sauran haske.

Kan hanyar dawowa muka yi musu a kan sabbin kyamarorin da ke turo hoto waya nan take. Maƙwabcinsa na da su, shi ya ƙi saye, ni ma ina bayansa. Mai katin nan dole ka taka, ka karanta sawu, ka yi lissafin iska, abin da za ta gaya maka kuma labarin jiya ne. Amma mutum na kishingiɗe a falo waya ta yi ƙara, ya ɗauki bindiga ya nufi wurin? Ban ga farauta a nan ba. Jihar Arizona ma tun 2022 ta hana amfani da kowace irin kyamara wajen farauta, bayan an cika bakin 'yan mashayar dabbobinsu da su. Kansas ta hana a filayen gwamnati a 2023.

Bayan isha'i na tura wa Kawu hoton ta WhatsApp, shi da ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin sawun gada. Ya turo murya yana dariya: "Ɗana, ku da itace ke yi wa gadi, ina naman?" Sai kuma ya koma tambayar gaske, ko ƙahon nan da gaske yake zubewa kowace shekara wani ya tsiro. Na ce ƙwarai, cikin hunturu yake faɗuwa. Bai yarda ba, ya ce in na tsinci ɗaya in taho masa da shi.

Farautar bindiga ta kwana 9 za ta buɗe ranar Asabar kafin bikin godiya na Amurkawa (Thanksgiving) da ake yi a ƙarshen Nuwamba. Wanda aka haifa daga 1973 zuwa yau sai ya yi kwas ɗin mafarauta kafin ya fita shi kaɗai, don haka gobe in Allah ya kai mu zan nemi inda ake rajista.