Boris ɗin keke da farantin toka

Da agogon waya muka fara, kuma nan muka fara tafka kuskure. Ni da ɗalibaina 'yan aji huɗu na sakandare, muna sakin boris ɗin keke daga kan rula mai kwari da muka jingina, ya gangaro ya bi saman tebur ya faɗo, wani yaro yana danna agogo don auna lokacin faɗowarsa daga bakin tebur zuwa ƙasa. Sau biyar muka gwada, amsa biyar muka samu. Abin da bai kai rabin daƙiƙa ba, yatsan mutum ba ya kama shi.

Sai muka ajiye agogo muka ɗauko tef ɗin tela. Tsayin teburin santimita 80, wato mita 0.8. Duk daƙiƙa ɗaya, ƙarfin jan ƙasa yana ƙara wa gudun abin da ke faɗowa mita 9.8 a daƙiƙa. Ka ninka tsayin sau biyu, ka raba da 9.8, ka nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan amsar. Daƙiƙa 0.4 ta fito, ba gardama.

Saura tafiyar kwance. Na baza toka a faranti, boris ya faɗo ya bar ɗan rami kamar sawun kaza. Da farko daga ƙafar tebur muka auna, ashe bakin teburin ya ɗan zarce ƙafar. Sai da muka rataya dutse da zare daga bakin, kamar yadda magina suke yi, sannan muka sami wurin farawa na gaskiya. Daga nan zuwa ramin, santimita 60 boris ya yi cikin daƙiƙa 0.4. Ke nan boris yana barin tebur da gudun mita 1.5 a daƙiƙa, kuma haka yake riƙe da shi har ƙasa, alhali gudun faɗowarsa ya tashi daga sifiri ya kai kusan 3.9.

Nan wata yarinya ta ɗaga hannu. "Malam, ai wanda ya fi gudu zai fi daɗewa a sama." Na ji daɗin wannan gardama fiye da duk amsoshin da aka ba ni ranar. Na ɗora kwabbai biyu a bakin tebur, na buga rula, ɗaya ya yi tsalle nesa, ɗaya ya zube nan take. Na ce kowa ya rufe ido. Ƙara ɗaya aka ji. Gudun gaba ba ruwansa da faɗowa, kowanne harkarsa yake yi. Abin da Galileo, masanin kimiyya ɗan Italiya, ya bayyana ke nan a littafinsa na 1638, tun babu waya babu kyamara.

Ba ta gamsu ba, ni kuwa ban matsa ba. Na ce ta mayar da rular kan benci mai tsayin santimita 45, ta saki boris daga daidai inda muka saba, amma ta faɗi inda zai sauka tukuna. Ta yi lissafi a bayan littafinta: daƙiƙa 0.3, santimita 45. Ta ja layi a toka da tsinken tsintsiya, ta saki. A gefen layin ya sauka, ajin ya kaure da ihu har malamin maƙwabtanmu ya leƙo.