Kaurin roba ba shi ke tare iska ba

Aikin farko da maigidana ya sakar mini in yi ni kaɗai, bayan na shekara biyu ina miƙa masa guduma da tef, shi ne toshe kafofin iska a ƙofa ɗaya da tagogi uku. Matar gidan ta ce da dare labulenta har rawa yake yi alhali komai a rufe yake. Na raina aikin ƙwarai. Na samo robar nan mai gam a bayanta, na zaɓi wadda ta fi kowacce kauri, don a lissafina na lokacin, in dai iska za a tare, ai mai kauri ce magani. Na liƙa ta zagaye da firam, na tura ƙofa, ta ƙi rufuwa. Sai da na sa kafaɗa kafin harshen makulli ya faɗa. Na ce ai sabuwa ce, za ta saki.

Kwana huɗu tsakani aka kira maigida, muka tafi tare. Robar ta ɓare daga kusurwar sama tana reto, sukurorin hinjin sama sun fara sassautawa, matar kuma ta ce sai ta kira ɗanta ya danna mata ƙofa kafin ta iya murza makulli. Maigida bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kai yaro, ratar milimita nawa ka samu?" Na ce, "Ban auna ba, Maigida." Sai ya zaro ɗan curin yumɓun wasan yara daga aljihu, ya gutsura shi kamar ƙwayar wake, ya naɗe kowane gutsure a leda, ya manna a wurare shida a jikin firam bayan ya cire robata. Ya rufe ƙofa, ya buɗe, ya auna kaurin yumɓun da ya baje. Sama milimita 2, tsakiya wajen makulli 3, can ƙasa 6. Ashe ƙyauren ya ɗan karkace, ni kuwa na bi shi da roba mai milimita 9 daga sama har ƙasa. A sama ta tokare, ta hana ƙyauren zama, shi ya sa ratar ƙasa ta ƙara buɗewa. Wato iska ta fi samun hanya bayan aikina.

Daga ranar na daina zaɓen roba da ido. Robar da ake matsewa so take a danne ta kaɗan, ta yadda za ta riƙa turo ƙofar a hankali ba tare da ta yi kokawa da makulli ba. Shi ya sa masu ƙera ta suke rubuta girman ratar da ta dace da ita a jikin kwali, kuma suke kiran ta da siffar bakinta idan an yanka: mai siffar E ta ƙaramar rata ce, kamar milimita 2 zuwa 3, mai siffar P ta matsakaiciya, mai siffar D kuwa, wadda cikinta rami ne, ita ke cike rata har wajen milimita 6 ko 7. Ƙofa guda tana iya cin iri biyu, kuma ba laifi ba ne. Idan kuwa ratar ta wuce haka, ƙofar ce ke neman gyara: a ɗaure hinji, a matsar da farantin makulli, a fere inda ya kumbura, sannan a zo maganar roba.

Abu na biyu da ya ɗauke ni lokaci kafin in gane shi ne motsin wurin. Akwai inda ƙyaure ke zuwa ya danna, akwai inda abu ke gogar abu yana wucewa. Tagogin matar nan irin waɗanda ake turawa ne gefe da gefe, ni kuma na liƙa musu soso mai gam a cikin layin da suke bi. Ba a tura su sau goma ba soson ya nannaɗe kamar tabarma. Inda ake goga, abin da ke jurewa shi ne buroshin nan mai gashi laushi da ake zurawa a tsagar firam ɗin alminiyom, ko kuma siririn falle da aka lanƙwasa kamar harafin V, na roba mai tauri ko na tagulla. Shi V ɗin buɗewa yake yi da kansa ya cike ratar, kuma na tagulla da ake kafawa da ƙananan ƙusoshi yana iya shekaru da dama, sai dai yana son haƙuri wajen sawa. Bakinsa a buɗe yake kallon waje, don idan iska ta buso ta ƙara manna shi.

Soso ma iri biyu ne. Mai buɗaɗɗun ƙananan ramuka yana da laushi, amma yana shan ruwa, rana kuma tana mayar da shi gari. Mai rufaffun ramuka ba ya shan ruwa, ya fi dacewa da wajen da ruwan sama ke taɓawa. Duk da haka, a ƙofar da ake shiga da fita kullum ni ban yarda da soso ba, don da zarar ya kwanta ba ya sake tashi. Araha ba ta ado. A irin wannan wuri robar EPDM nake sawa, irin wadda ke zagaye da ƙofar mota, ko ta silikon. Su biyun suna jure rana da ruwa, kuma sanyi ba ya sandarar da su yadda yake yi wa robar PVC.

Wata rana maigida ya sa ni lissafin da har yau nake yi wa masu gida idan sun ce ai ratar ba ta taka kara ta karya ba. Ƙofa mai tsawon mita 2 da faɗin santimita 90, zagayenta mita 5.8 ne. Idan akwai ratar milimita 3 a duk zagayen, jimillarta murabba'in santimita 174, kusan daidai da a huda bango santimita 13 tsawo, 13 faɗi, a bar shi a buɗe dare da rana. Ta nan ɗumi ke fita lokacin sanyi, ta nan sanyin na'urar sanyaya ɗaki ke tserewa lokacin zafi, ƙura da ƙwari da hayaniyar titi kuma su shigo. Mafi yawan lokaci ƙasan ƙofa ne babban ɓarawo, saboda iska mai ɗumi sama take yi ta fice ta kafofin sama, ta janyo mai sanyi ta ƙasa. Can kuma ba a liƙa komai, sai dai a ɗaura sanda mai leɓen roba ko buroshi a gindin ƙyauren da sukurori, ta yadda za ta taɓa dokin ƙofa kawai. In ta ja ƙasa sosai, wata biyu ta cinye.

Neman kafar ba wuya. Nakan sa takarda a tsakani in rufe, in ta zaro ba tirjiya to akwai rata. Ranar da ake iska nakan bi gefen firam da abu mai hayaƙi in ga inda hayaƙin ya karkata, da dare kuma wani ya haska tocila daga waje. Sau da yawa sai in tarar iskar ba ta tsakanin ƙyaure da firam take bi ba, ta tsakanin firam da bango ce. Wannan wuri ba ya motsi, don haka aikin silikon ɗin nan ne da ake matsowa daga bututu a cike tsaga.

Ɓarewar da robata ta yi kuwa, ba laifin gam ba ne. A kan ƙura da tsohon fenti mai ɓarewa na liƙa ta, kuma na riƙa jan ta don ta isa. Robar da aka miƙe sai ta koma tsayinta, ta bar kusurwa a buɗe. Yanzu sai na goge wurin da sifirit, na bari ya bushe sarai, ina ɓare takardar bayan kaɗan-kaɗan ina dannawa, kuma nakan ƙara kashi 10 cikin ɗari a kan awona saboda yanke-yanke. A ɓangaren hinji, a fuskar da kaifin ƙyauren ke dannawa ake liƙawa, in ba haka ba duk rufewa sai ya kankare ta. Ƙofar katako kuma nakan tuna cewa tana kumbura da damshi, don haka abin da ya yi daidai a rani yana iya matsewa idan ruwa ya sauka.

Akwai kafofin da na koyi barin su. Ƙananan ramukan da ke gindin firam ɗin taga na fitar ruwa ne, na taɓa cike su da silikon ina ganin na yi gwaninta, ruwa ya taru ya gangaro ta cikin ɗaki. Ratar ƙasan ƙofar banɗaki ma da gangan ake barin ta, don fankar fitar da tururi ta samu iskar da za ta ja. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ɗakin da ake kunna wuta a ciki, ta gas ko kananzir ko gawayi. Wuta tana cin iska, idan ba ta samu isasshiya ba sai ta riƙa fitar da gubar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci. Garin neman gira kada a rasa ido. Shi ya sa kafin in buɗe jakar aiki nake tambaya, "Ranki ya daɗe, me ake kunnawa a ɗakin nan?" Idan akwai, tagar iska ta sama ba na taɓa ta, ko da an ce daga nan sanyin ke shigowa.

Ƙofar matar nan dai mun ɗaure hinjinta da dogayen sukurori, muka sa mai siffar E a sama, mai siffar D daga makulli zuwa ƙasa, da buroshi a gindi. Maigida ya ce ta gwada da kanta. Ta tura da yatsu biyu, makulli ya ce ƙaras. Ya miƙo mini ragowar yumɓun, ya ce in ajiye a jakata.