Kafin ka tsoma burushi a fenti

Ranar Asabar na iske ɗan ƙanwata a tsakar gida a Aboabo, cikin Kumasi, ya shimfiɗa jarida, ga ƙaramar tankar yaƙi ta roba, samfurin Tiger ta Jamus, ta kamfanin Tamiya mai sikelin 1/35 (wato ta gaske ta ninka ta sau 35 a tsawo), ga gwangwanin tina, ruwan tsinka fenti, irin ta masu fentin mota. Waya na jingine da bokiti tana ɗaukarsa. Na ce, "Kai, ajiye gwangwanin nan." Ya ce, "Kawu, yau nake son gamawa in saka a TikTok." Yau ɗin nan!

Tankata ta farko wani yayana ne ya aiko mini daga Jamus, lokacin ina koyon aiki a Suame Magazine, unguwar makanikai. Na haɗa ta tsaf, ko ƙugiya ɗaya ban ɓatar ba. Da aka zo fenti sai na roƙi ragowar fentin mota, kore da ruwan ƙasa da baƙi, na dama da tina, na lafta. Kafin la'asar robar ta yi laushi. Ƙananan kawunan kusoshi da layukan walda da ke jikinta suka narke suka shafe, babban yatsana ya bar tambari a saman kan tankar. Tinar mota tana cin irin wannan roba, ni kuwa ban sani ba. Wa zai gaya mini? A zangonmu ba mai wannan aiki, ba intanet, fentin da ya dace kuma ko a Kejetia ban taɓa ganinsa ba. Da abin da na samu na yi. Amma kuma takardar bayani tana cikin kwalin, da zane da lambobin fenti, ban buɗe ta ba saboda ɗoki. Wannan ba laifin talauci ba ne. Da yayana ya tambaya na ce tana nan lafiya, alhali na riga na cusa ta ƙarƙashin gado, har yau abin yana ci mini rai.

Kalar ma ba daidai ba ce. Kore da ƙasa da baƙi ɓad-da-kama ce ta sojojin NATO a shekarun 1980, na shafa ta a tankar Yaƙin Duniya na Biyu. Tankokin Jamus toka-toka mai duhu ne a farkon yaƙin, sai a Fabrairun 1943 aka ba da umarnin a koma rawaya mai duhu. Kore da ja-ja-ƙasa kuwa a daskare ake raba wa sojoji, su narkar da ruwa ko fetur, su shafa da kansu, wasu da bindigar feshi, wasu da burushi ko tsumma. Ni dai kalar da na gani a jikin kakin soja ita na ɗauka, kuma a lokacin kowa haka zai yi.

Na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa, amma na san ba za ku karanta ba, ku da bidiyon minti ɗaya ma sai kun tsallake. To ku tsinka fenti. Ku nemi fentin akirilik, XF-60 (rawaya) da XF-61 (kore) da XF-64 (ja-ja-ƙasa) idan na Tamiya ne, ku tsinka shi har ya yi ruwa kamar madara, ku shafa siriri, ya bushe, ku ƙara. Rawaya ce farko, masu duhu su biyo baya. Kowane irin ruwa za ku zuba, ku fara gwada shi a cokalin roba na mai wake da shinkafa. A damina iskar Kumasi a jiƙe take, ku bar shafi ɗaya ya kwana. A hunturu ku kife kwali a kai saboda ƙura.

Ku bi hoton tankar gaske, kada ku ƙirƙiro zane daga kai. Ko da yake tunda sojoji ne suka shafa da hannunsu, da wuya a samu biyu iri ɗaya, don haka idan layinka ya karkace ka bar shi. Ka dai san shekarar da fagen da tankarka ta yi yaƙi. Gidan tarihin sojoji yana nan a Adum da motocin sulke na gaske, kuɗin mota kaɗan ne, amma ku nawa kuka taɓa shiga ku duba yadda rana ke cinye fenti, da inda tsatsa ke fara kamawa?

Bindigar feshi kuma kada ku saya, burushi mai laushi ya ishe ku. Wanda ya samu kuɗin ya saya, domin gefen kala mai hazo-hazo ba ya fita da burushi, amma ya wanke ta duk sanda ya gama, tun fentin bai daskare a bakinta ba.